"Ita ce" ko "itace": wace hanya za ka bi da sarari a XSLT?

Duk wanda ya zauna ajin Hausa ya san misalin da malamai ke kawowa idan an zo darasin raba kalma da haɗe ta: "ita ce" daban, "itace" daban. Ta farko mace ake nunawa, ta biyu kuwa makamashi ne. Haka "su ma" da "suma", haka "ku ma" da "kuma". Ɗan sarari guda ne ya raba su, wanda ido ba ya kula da shi sai ranar da ya ɓace. Wannan ɗan sararin ne yake tayar wa mutane hankali idan suna juya fayil ɗin XML, wato fayil ɗin da ake kasa abin cikinsa a akwatuna masu alama, zuwa shafin intanet ko zuwa wani fasali da XSLT, harshen da ake rubuta umarnin juyawar da shi. Wani ya sami layukan wofi sun cika masa sakamako, wani ya sami kalmominsa sun manne da juna, kuma sau da yawa maganin da na farko ya sha shi ne ya jawo ciwon na biyu.

Kayan aikin da ake zaɓa a cikinsu ba su da yawa: `xsl:strip-space`, `xsl:preserve-space`, `xml:space`, `normalize-space()`, `xsl:text`, sai `indent` na cikin `xsl:output`. Sunayensu sun yi kama, shi ya sa ake ɗaukar wannan a yi aikin wancan da shi. Amma ba wuri ɗaya suke aiki ba.

Abin da XML ke kira sarari haruffa huɗu ne kacal, tun ƙa'idar farko da W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta fitar a 1998: tazarar da ke tsakanin kalmomi mai lamba 32, tab mai lamba 9, sabon layi mai lamba 10, da komawa farkon layi mai lamba 13. Tazarar nan da ba ta karyewa, mai lamba 160, wadda ke yawan biyo rubutun da aka kwafo daga Word ko daga shafin intanet, ba ta cikinsu. A idon XML harafi ce kamar "b" ko "k". Sannan sararin da ka gani a sakamako daga ɗayan wurare uku ya fito: ko daga fayil ɗin asali, ko daga takardar salo, wato fayil ɗin umarnin XSLT da ka rubuta da hannunka, ko kuma injin da ke gudanar da ita ne ya ƙara shi lokacin da yake rubuta sakamakon. Kafin ka zaɓi magani, gano daga ina naka ya fito.

Sharar kuɗin goro da shara mai suna

Makarancin XML, wato manhajar da ke fara karanta fayil, yana mayar da fayil ɗin bishiya. Kowane akwati, wato abin da ke tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa, reshe ne, rubutun da ke ciki kuma ganye. Dubi wannan:

```
<baiti>
  <ɗango>Na farko</ɗango>
  <ɗango>Na biyu</ɗango>
  <ɗango>Na uku</ɗango>
</baiti>
```

Kai ɗango uku kake gani. Injin XSLT 'ya'ya bakwai yake gani a ƙarƙashin `baiti`: ɗango uku da ganye huɗu waɗanda babu komai a cikinsu sai sabon layi da tazara. Shi ya sa idan ka rubuta `xsl:apply-templates` ba tare da ka faɗi abin da kake so ba, sannan ka nemi `position()` ya sa wa ɗangogin lamba, sai ka ga 2, 4, 6 maimakon 1, 2, 3. `last()` kuma ya ba ka 7, don haka gwajin da ka rubuta na "idan wannan ne na ƙarshe kada a sa waƙafi" ba zai taɓa cin nasara ba. Ƙa'idar XSLT 1.0, wadda James Clark ya tsara aka fitar a watan Nuwamba na 1999, ta ce a fayil ɗin asali kowane sarari a bar shi sai an ce a cire. Kuma templet, wato umarnin da ke faɗin abin da za a yi da reshe ko ganye, wanda injin ke amfani da shi idan ba ka rubuta naka ba, kwafe duk ganyen rubutu yake yi zuwa sakamako. Daga nan layukan wofi suke zuwa.

Maganin da kowa ke fara ji shi ne layi guda a saman takardar salo:

```
<xsl:strip-space elements="*"/>
```

Wannan yana kakkaɓe duk ganyen da sarari ne zalla, a kowane akwati, tun kafin templet ko ɗaya ya fara aiki. Ganyen da ke da ko harafi ɗaya ba ya taɓa shi: " Kano " zai fito da tazararsa gaba da baya yadda take. Mutane da yawa suna zaton yana datse gefen rubutu, alhali ba aikinsa ba ne.

Idan fayil ɗinka na bayanai ne tsantsa, irin jerin kaya da farashi, ko sunayen ɗalibai da maki, ko abin da wata manhaja ta fitar daga rumbun bayanai, wannan layin ba shi da aibu, ni ma shi nake sawa ban ko tsaya tunani ba. Lambobi sun daidaita, layukan wofi sun tafi, bishiyar ta rage nauyi a ƙwaƙwalwar kwamfuta tunda ganyen banza masu yawa sun zube.

Matsalar tana rubutun da mutum zai karanta. A nan akwati ɗaya yakan ƙunshi kalmomi da wasu ƙananan akwatuna a cakuɗe:

```
<p>Wadda ta zo jiya <kauri>ita</kauri> <jirge>ce</jirge> amaryar.</p>
```

Tazarar da ke tsakanin `</kauri>` da `<jirge>` ganye ce mai zaman kanta, kuma sarari ce zalla. Tauraron nan, wato `*` na cikin `xsl:strip-space`, bai san bambancinta da layukan wofi na cikin `baiti` ba, kuɗin goro yake yi musu. Sakamako: "Wadda ta zo jiya itace amaryar." Na taɓa yin wannan ɓarnar da hannuna a wani tarin gajerun labarai da aka ba ni in mayar shafukan intanet. Injin bai yi ƙorafi ba, shafukan sun buɗe lafiya, sai da wani mai karatu ya tambaye ni dalilin da ya sa sunan mutum da na garinsu suke manne a wurare da dama. Ko'ina aka sa wa kalmomi biyu a jere alama, tazararsu ta tafi. Garin neman gira na rasa ido. Abin da ya sa wannan kuskuren ya fi na layukan wofi muni shi ne shirunsa. Layin wofi kowa zai gani a kallon farko, kuma burauza ma haɗiye shi take yi a HTML. Tazarar da ta ɓace kuwa tana iya kwana a shafi na ɗari da arba'in har shekara.

Don haka ga rubutun zube, ko waƙa, ko ƙamus, ko duk abin da aka tsara da fasalolin XML na rubutu irin su TEI, DocBook ko XHTML, hanya ta biyu ta fi: ka ambaci akwatunan da ka tabbata ba sa ɗaukar rubutu kai tsaye.

```
<xsl:strip-space elements="littafi babi baiti jeri"/>
```

Ta fi wahala, don sai ka san tsarin fayil ɗinka. Amma duba yadda kowace hanya take faɗuwa idan ka yi mantuwa. Ka manta wani akwati a wannan jerin, hukuncinka layin wofi ne. Ka bi hanyar tauraro tare da ware wasu akwatuna, ka manta ɗaya, hukuncinka lalacewar ma'ana. Ni dai na san wanda zan ɗauka.

Tarko ɗaya ke nan da ya kamata a sani. Idan fayil ɗin yana da namespace, wato adireshin da ke nuna dangin da sunayen akwatunansa suka fito, kamar yadda TEI da XHTML suke da shi, rubuta `elements="div"` a XSLT 1.0 ba zai kama komai ba, kuma ba za a gaya maka ba. Sai ka ayyana ɗafa-goshi ka rubuta `tei:div`. Daga XSLT 2.0, wadda Michael Kay ya tsara ta fito a 2007, `xpath-default-namespace` ya ɗauke maka wannan wahalar.

Akwai kuma hanya ta uku da ake yawan mantawa, wadda ba ta share komai. Idan damuwarka lambobin 2, 4, 6 ne kawai, rubuta `select="ɗango"` a kan `xsl:apply-templates`. Yanzu ɗango uku kawai aka zaɓa, lambobinsu 1, 2, 3, ganyen wofi kuma ba a ma kai gare su ba balle su fito. Illarta ita ce duk wani sabon akwati da aka ƙara cikin `baiti` gobe, a ce taken baiti, za a tsallake shi shiru. `select="*"` yana rufe wannan ƙofar, sai dai taken zai shiga lissafi.

Biyu masu cewa a bari

`xsl:preserve-space` shi kaɗai ba ya yin komai, tunda barin sarari shi ne asali. Amfaninsa ɗaya: ware wasu daga sharar da `xsl:strip-space` ya yi. Ka ce a share tauraro, ka ce a bar `p` da `take`. Suna takamaimai yana rinjayar tauraro, don ƙa'idar fifiko iri ɗaya ce da ta templet: cikakken suna yana da 0, irin `tei:*` yana da -0.25, tauraro zalla -0.5. Takardar salon da ta shigo da wata ta `xsl:import` kuma maganarta ce a sama. Sannan uwa ta kusa kawai yake dubawa. Ka ce a bar `p`, amma a cikin `p` akwai `nassi` mai ɗauke da kalmomi biyu masu alama, to tazarar cikin `nassi` ta tafi, don uwarta `nassi` ce ba `p` ba. Ka ga dalilin da ya sa jerin waɗanda za a ware ba ya ƙarewa.

`xml:space="preserve"` kuwa ba na XSLT ba ne, na XML ne kansa, kuma a cikin fayil ɗin asali ake rubuta shi. Ya bambanta da ɗan'uwansa ta fuska biyu. Na ɗaya, ana gadonsa: ka sa shi a kan akwati, ya rufe 'ya'ya da jikoki har sai an tarar da `xml:space="default"` a ƙasa. Na biyu, ya fi ƙarfin `xsl:strip-space`, ko tauraro aka sa ba zai shiga inda yake ba. Wanda ya taɓa buɗe cikin fayil ɗin .docx ya gan shi birjik a kan `w:t`, don in babu shi Word zubar da tazarar farko da ta ƙarshen guntun rubutu yake yi. DTD ɗin XHTML ma, wato takardar da ke ayyana tsarin akwatunansa, ya liƙa shi a kan `pre`.

Wanne za ka ɗauka? Ya danganta da wanda ya mallaki fayil ɗin da kuma wanda ya san gaskiyar sararin. Idan sararin ɓangare ne na abin da aka rubuta, kamar lambobin manhaja da aka jera, ko waƙar da marubucinta ya tura wasu layuka ciki da gangan, `xml:space` ya fi dacewa, domin gargaɗin zai bi fayil ɗin duk inda ya je, ko wace takardar salo aka ɗora masa. Idan fayilolin daga waje suke zuwa maka ba ka da ikon taɓa su, `xsl:preserve-space` kaɗai ke hannunka.

Shawara ɗaya: kada ka sa `xml:space="preserve"` a saman takardar salonka don neman sauƙi. Duk shigar da layi da ka yi don idonka zai zubo cikin sakamako, kuma a wuraren da sarari bai halatta ya riga wani abu ba, kamar gaban `xsl:attribute`, injin na iya tsayar da aikin.

Wuƙar da ke shiga cikin rubutu

Duk waɗanda aka ambata ganye sukutum suke cirewa ko su bari. `normalize-space()` ne kaɗai ke shiga cikin ganyen: ya datse sararin gaba da na baya, ya mayar da duk jerin sarari na tsakiya tazara ɗaya. Ga suna, kwanan wata, lambar kaya, ko duk abin da za a gwada da wani, babu kamarsa. Akwatin da aka rubuta "Zariya" a cikinsa da sabon layi a gaba ba zai taɓa daidaita da "Zariya" ba sai an bi ta kansa.

A rubutu mai cakuɗa kuwa yana da hanyoyin ɓarna biyu, kuma dole ka faɗa ɗaya idan ka yi gaggawa. Ka ɗora shi a kan `p` gaba ɗaya, tazara za ta yi kyau amma kauri da jirge da mahaɗa duk sun narke, rubutu zalla ya rage. Ka ɗora shi a kan kowane ganye ɗaya bayan ɗaya don alamomin su tsira, sai "jiya " ta rasa tazarar bayanta, " amaryar" ta rasa ta gabanta, ka sami "jiyaitaceamaryar". Wannan ya ma fi na tauraro muni. Abin da ke aiki shi ne a matse jerin sarari zuwa tazara ɗaya ba tare da an datse gefe ba, a datse gaba a ganyen farko na sakin layi kawai, baya kuma a na ƙarshe. A XSLT 2.0 da 3.0 `replace()` yana yin matsewar a layi guda. A 1.0 sai dabara: a liƙa wani harafi gaba da baya, a daidaita, a cire harafin. Kuma idan HTML kake fitarwa, tambayi kanka ko aikin ma ya zama dole, tunda burauza da kanta take matse sarari wajen nunawa.

Tazara mai lamba 160 ba ta jin `normalize-space()` kamar yadda ba ta jin `xsl:strip-space`. Akwatin da ya yi kama da wofi amma ya ƙi sharuwa, yawanci ita ce a ciki. Sai an fara juya ta zuwa tazara ta gari da `translate()`.

Wanda kai ka zuba da wanda injin ya ƙara

A takardar salo ƙa'idar a juye take: ganyen da sarari ne zalla ana zubar da shi, sai wanda ke cikin `xsl:text`. Shi ya sa tazarar da ka bari tsakanin `xsl:value-of` biyu, na suna da na sunan mahaifi, ba ta fitowa, ka sami "MusaGarba". Rubuta `&#32;` ko `&#10;` tsirara ba ya ceto, don makaranci ya riga ya mayar da su sarari kafin a zo shara. Sai ka sa su cikin `xsl:text`. A ɗaya gefen kuma, da zarar ka rubuta ko waƙafi ɗaya tsirara a cikin templet, ganyen ya daina zama sarari zalla, sai ya fito da duk sabon layi da tazarar da ke kewaye da shi. A HTML ba lallai ka lura ba. A fayil ɗin CSV ko duk abin da ke fita ta `method="text"`, ya rushe maka layuka. Ɗabi'ata ita ce duk rubutun da zan fitar da hannuna, komai ƙanƙantarsa, cikin `xsl:text` yake shiga. Mai aiki da 2.0 zuwa sama yana da sauƙi: `xsl:value-of` guda ya ɗauki abubuwa da yawa ya raba su da `separator`, wanda asalinsa tazara ɗaya ce. A 1.0 na farko kawai zai ba ka ya yi shiru.

`indent="yes"` shi ne na ƙarshe a layi, kuma ƙari yake yi ba ragi ba. Asalinsa a kashe yake ga XML, a kunne ga HTML. Ƙa'idar ba ta faɗi yawan tazarar da za a sa ba, don haka injinan XSLT irin su Saxon da Xalan da libxslt kowa da salonsa, kuma ita kanta ƙa'idar 1.0 ta yi gargaɗin cewa ba shi da aminci ga rubutu mai cakuɗa. Idan sakin layi ya ƙunshi akwatuna biyu manne ba tare da rubutu tsakaninsu ba, a ce farkon kalma an ƙawata shi sauran kuma an sa masa wata alama, injin na iya jefa sabon layi a tsakani ya tsaga kalmar. Nan kuma "itace" ce za ta koma "ita ce". XSLT 3.0 ta 2017 ta ba da `suppress-indentation` don a ambaci akwatunan da ba za a taɓa ba.

Masu `xsltproc`, manhajar da ake gudanar da libxslt da ita, sukan yi kukan sun kunna `indent` bai yi komai ba. Dalilin shi ne libxml2, wanda ke rubuta sakamakon, ba ya jera 'ya'yan akwatin da ya ga ganyen rubutu a cikinsa, ko da sarari ne zalla da aka kwafo daga asali. Sai an share tsohon sarari sannan sabo ya samu wuri, shi ya sa ga fayil ɗin bayanai ake haɗa `xsl:strip-space` da `indent`. Fayil ɗin da aka sa wa sa-hannun dijital kuwa kada ka kusance shi da ko ɗaya daga cikinsu, domin sararin cikinsa yana cikin abin da aka lissafa, tazara ɗaya ta canja sa-hannun ya ɓaci.

Idan an riga ka

Wani lokaci takardar salonka ba ta da laifi, tun a ƙofa aka yi maka sata. MSXML na Microsoft, idan aka loda fayil cikin `DOMDocument`, zubar da ganyen sarari yake yi sai an kunna `preserveWhiteSpace` kafin lodawa. `XmlDocument` na .NET ma haka yake da `PreserveWhitespace`, `XPathDocument` kuma sai an ba shi `XmlSpace.Preserve`. A Python, lxml yana bari, amma da yawa suna kunna `remove_blank_text` don neman kyan gani su manta. A duk waɗannan `xsl:preserve-space` ihu ne bayan hari, ba ya dawo da abin da bai iso bishiyar ba. `xml:space` ne ke da amfani a nan, tunda makarancin yana ganinsa tun a ƙofa. Saxon kuma yana duba DTD ko sikima: inda aka ayyana cewa akwati 'ya'yan akwatuna kawai yake ɗauka, yana zubar da sararin cikinsa da kansa, kuma ana iya canja hakan da zaɓin `-strip` mai ɗaukar `all`, `none` ko `ignorable`. A ganina wannan ce shara mafi hankali, domin tsarin fayil ɗin ne ke faɗin inda sarari ba shi da ma'ana, ba zaton mai rubuta salo ba. Sai dai tana nufin fayil ɗaya zai iya ba da lambobin `position()` daban idan an cire masa layin DOCTYPE mai nuna DTD ɗinsa.

Abubuwa biyu kuma babu mai dawo maka da su. Ƙarshen layi irin na Windows, 13 da 10 a jere, makaranci yana mayar da shi 10 kaɗai, don haka idan manhajar da za ta karɓi sakamakon tana son na Windows sai ka rubuta `&#13;&#10;` cikin `xsl:text`. Sabon layi ko tab da aka buga kai tsaye cikin ƙimar sifa, wato abin da ake rubutawa cikin alamar buɗewa kamar `elements="*"`, kuma tazara yake komawa tun wajen karatu.

Hanyar gane ko an riga ka ba ta da wuya. Ɗauki baitin nan mai ɗango uku, rubuta takardar salo wadda ba ta da `xsl:strip-space`, ka sa ta ƙirga duk 'ya'yan `baiti` da `count()`, ka gudanar da ita ta ainihin hanyar da manhajarka ke bi, ba ta wani injin gwaji daban ba. Idan ta ce 7, sararin ya iso hannunka, abin da ya same shi daga nan aikin takardar salonka ne. Idan ta ce 3, rufe takardar salon ka je ka duba layin da ke loda fayil ɗin.